Kwamfutar da Ke Ƙarƙashin Matakala

Shugaban masana'anta, manajoji, shugabannin ƙungiyar ma'aikata, Baba mahaifin marigayi, Yaya uwar 'ya'yansa, 'yan'uwa abokan aiki, assalamu alaikum.

An ce in yi magana da yawunmu, mu 'yan sashen haɗa fenti. Zan fara da abin kunya: wata shida muka yi muna zargin marigayi Mai Waya, mai kula da kwamfutocin masana'antar nan.

Kun san yadda muke a da. Kwamfutocin ɗakin gwaji na sama suna magana da junansu, namu na ƙasa ma haka, amma babu hanya a tsakani. Sai ya zaƙulo wata tsohuwar kwamfuta a sito, ya ƙara mata katin sadarwa na biyu, ya jona waya ɗaya daga sama, ɗaya daga wajenmu, ya girke ta ƙarƙashin matakala. Duk saƙon da ya zo mata, miƙawa kawai take yi. Ba tacewa, ba tarewa.

Muka ce kunne aka dasa mana. In ya shigo, hira ta mutu. Ni da kaina na tare shi na ce, "Malam, wa kake kai wa rahotonmu?"

Ya yi dariya. "Ɗan'uwa, ƙofa ce a buɗe. In suna ganinku, ai ku ma kuna ganinsu. Ka taɓa leƙawa?"

Na leƙa. Sai ga sakamakon gwajin iskar da muke shaƙa, na shekara guda, wanda ba a taɓa nuna mana ba. Da shi muka kai kuka, daga nan muka samu takunkumin hanci.

Ya kasance mai ƙarancin magana. Ya kasance mai haƙuri da mu, mu da muka ƙi cin abinci da shi. Ya kasance mutumin da aka kira ofis sau uku don ya toshe hanyar, sau uku yana cewa a ba shi umarnin a rubuce. Ba a rubuta ba.

Ba mu ce wani ya yi masa komai ba. Ciwon ƙirji ne, kuma kwana ya ƙare. Amma washegarin ranar da aka kwantar da shi asibiti, kwamfutar nan ta ɓace. Aka ce gyara. Yau sati bakwai. Shugaba, ranka ya daɗe, wane irin gyara ne wannan?

Baba, ka yafe mana. Yaya, takardun gwajin da ya bar miki a gida, kada ki miƙa wa kowa, ko da ni ne.

Mun gode da kuka zo. Allah ya jiƙan Mai Waya, ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari. Abin da ke ɓoye kuma, Allah ya bayyana shi.