Takardar da ke Cikin Hular Baba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Daga Rawayya nake rubuto maka.

Mahaifina na fama da kansar mafitsara. Kafin a fara yi masa gashi, wato ƙona kansar da na'ura, likitoci sun saka masa wasu 'yan alamomi kamar ƙwayar shinkafa, da allura ta dubura, don su nuna inda za a gasa. Ni ne ɗan fari, kunya ta hana shi gaya mini abin da aka yi, ni ma ban tambaya ba.

Kwana biyu da dawowarsa, sai zazzaɓi da rawar ɗari. Na ce, "Baba, na sauro ne," na sayo magani a kemis. Ya karɓa ya sha. Washegari fitsari ya ƙi fita. Inna ta cire masa hula za ta shafa masa ruwa, sai ga takardar likita ta faɗo, an rubuta: in zazzaɓi ya zo, a garzaya asibiti.

Da muka kai shi asibiti a Gusau, aka ce ƙwayoyin cuta sun shiga jini. Alhamdulillahi, ya miƙe, har an fara gashin.

Jama'a, ku riƙa tambayar iyayenku. Ni dai yanzu duk ranar asibiti, da na gaishe shi sai in ce, "Baba, ara mini hular."