Takwarana a Cocin Lutheran

Safiyar Lahadi a tashar Keke Napep ta Challawa, wani dattijo ya tare wata mata mai riƙe da littafin waƙoƙin coci.

"Baiwar Allah, cocin Lutheran za ni, ban taɓa shiga ba. Ana cire takalmi?"

"A'a, Baba, hula kawai. In an miƙe ku miƙe. Waƙa ce da yawa, sai wa'azi."

"In ana rabon gurasar nan ta ibadarku fa?"

"Ku yi zamanku, ba mai takura muku. Biki ne?"

"Baftisma. Shekara ashirin muna aikin fata da abokina Bitrus. Ya yi jika, ya sa masa sunana, Nuru."

Ta yi dariya. "Ashe ku ne manyan baƙi. Ku hau, Baba, ni ma can za ni, ni zan kai ku layin gaba a cocin."