Wa Zai Kula Min da Bashir a Amurka?

Salamu alaikum, malam mai gabatarwa. Hajiya Rabi ce daga Karantina, Jidda.

Ɗana Bashir direban wani Ba'amurke ne. Mutumin yana so ya kai shi ƙasarsu karatu. Da Ba'amurken ya zo gaishe ni, na ce, "Wa zai kula min da shi can?" Ni dangi nake nufi. Sai ya ce zai saya masa bindiga! Wai da ita kakanninsu suka kori Turawan Ingila, shi ya sa doka ta bar kowa ya riƙe, ko da yake tun da aka harbe shugabansu ake rigima a kai.

Wallahi Bashir ko kaza bai taɓa yankawa ba.

Jama'a, in sa masa albarka, ko in ɓoye fasfonsa?