Takalmin da Ya Raba Ni da Aikina

Mai gabatarwa, sallama gare ka da masu sauraro.

Tun shekarar samun mulkin kai nake haɗiye wannan takaici. Na gama makarantar Midil, ina malamin ofis a Birnin Kebbi. Baturen da ke shugabantar ofishinmu ya tafi, ɗan gida ya hau kujerarsa. Na shiga wurinsa da takalmi kamar yadda muka saba a zamanin Bature, ban durƙusa ba.

Ya ce, "Malam Garba, boko ya sa ka raina mutane?" Ya dakatar da ni, wai rashin biyayya.

Sau uku ina ɗaukaka ƙara. Ashe dole takardar ta bi ta hannunsa! Jama'a, ina zan kai kukana? Allah ya isa.

Yau shinkafa nake nomawa a Argungu. Aikin ya tafi, fansho ma babu.