A Buɗe Kan Takardar Nan

Mai girma shugaban taro, masu girma 'yan majalisa da ke kujerun gaba, 'yan uwana ma'aikata da ke tsaye a baya, iyayena maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba malamar firamare minti biyar. Ina godiya da ruwan sanyin da aka raba mana, ko da yake ba mu saba samun irin wannan karamci haka kawai ba.

Na farko, an tara mu ne don a ji ko albashin 'yan majalisa ya isa. Ɗazu wani mai girma ya tare ni, ya ce, "Malama, ba ki san nauyin da ke kanmu ba. Kullum ƙofar gidana cike take." Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar ajina ma cike take, yara tamanin da uku, kuma ba ni da mai gadin da zai ce musu na fita."

Na biyu, in za a gwada albashi da albashi, a gwada aiki da aiki. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. In ta makara minti goma, an ja mata jan layi a rajista, an yanke mata albashi. A nuna mana rajistar majalisa, mu ga ko can ma akwai jan biro.

Na uku shi ne ya tsaya mini a rai. Da muka shigo, an miƙo takarda mu sa hannu, wai ta halartar taro ce. Shekara ashirin da shida ina duba takardun yara, na san takardar da ake ɓoye abu a cikinta. Wannan an naɗe kanta, an soke da fil. Na kai hannu zan buɗe, sakatare ya danne, ya ce, "Malama, layi ya yi tsawo."

Ban sa hannu ba. Amma mutum ɗari uku sun sa, har da mahaifiyata da ba ta karatu, ta dangwala yatsa. Hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron gobe a ce mu muka roƙi a yi musu ƙari.

Shugaba, ga takardar can ƙarƙashin gwiwar hannun sakatare. A cire fil, a karanta mana. In ta halarta ce, zan nemi gafara a gaban kowa. In ba ita ba ce, a goge zanen yatsan tsohuwata kafin mu tashi.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya tsare mu daga sa hannu a abin da ba mu gani ba.

Sakatare, muna jira. Na gode.