Ruwan da ke ƙarƙashin yashi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Bungudu nake rubutowa.

Ranin bana rijiyarmu ta ƙafe, shanuna suka rame har na fara neman mai saye. Sai kakata ta ce mini: "Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, babana ke shayar da garkensa a busasshen gulbin nan. Ruwan ƙarƙashin yashi yake shiga ya ci gaba da tafiya. Je ka tona inda gulbin ya lanƙwasa."

Na tona, ramin bai kai ƙugu ba sai ga ruwa garau yana tsattsafowa. Ko saniya ɗaya ban sayar ba.

Masu sauraro, yaya zan hana ramin ruftawa? Ina gaida makiyayan Bilbis, ku ma ku gwada.