A Faɗa Mana da Dala

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza, malamar makaranta a nan Tawa.

Makon jiya na je gaida gwaggona a Kalfu. Muna cikin kasuwa sai motar shela ta wuce tana cewa a kai tsofaffin takardun ɗari biyar a canza kafin wa'adi ya cika. Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, wa ya taɓa ganin takardar ɗari biyar? Wannan zancen manya ne."

Tana da gaskiya. Mu da dala muke ƙirga, kowace dala sefa biyar ce, don haka ɗari biyar a kunnenta jika biyu da rabi ce, wato sefa dubu biyu da ɗari biyar. Takardar da suke nufi ita ce dala ɗari, kuma irinta ce cike da gwangwanin da take tara kuɗin tunkiya. Da ban je ba, da guminta na shekara ya tafi a banza.

Wanda ya juya sanarwar nan daga Faransanci, anya ya taɓa sayen gishiri da kansa?

Malam, don Allah ka faɗa yau da bakinka: dala ɗari ce. Ina gaida matan Kalfu da Tebaram. Wadda ta ji ta gaya wa maƙwabciyarta tun da sauran kwana.